Haɗa Shirin Tallafa wa Ma'aikata da Shirin Kyautata Lafiya a Wurin Aiki: Me Bincike Ya Nuna?

A ɗauka wani kamfani ya shirya ranar duba lafiyar ma'aikatansa. An kafa rumfa, ana auna hawan jini da sukari da nauyi. Wani ma'aikaci ya zauna, aka ga jininsa ya hau. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko yana samun barci, ya ce rabonsa da barcin kirki wata uku ke nan, bashi ya yi masa yawa, gida kuma babu zaman lafiya. Nan take ta haɗa shi da ƙwararren mai ba da shawara wanda kamfanin ke biya, wanda zai saurare shi a asirce. Mutum ya zo auna jini, ya tafi da mafita ga abin da ke hana shi barci.

Wannan shi ne hoton da masu kira a haɗa shirye-shiryen biyu suke nuna wa kamfanoni, kuma gaskiya hoto ne mai kyau. Abin da za mu duba a wannan rubutu shi ne ko haka abin yake faruwa idan an zo aiwatarwa. Ra'ayinmu dai shi ne haɗin yana da amfani a wuri ɗaya takamaimai, amma yadda ake tallata shi ya zarce hujjar da ke ƙasa, kuma akwai abin da ma'aikaci zai iya rasawa idan aka yi haɗin da garaje.

Shirye-shirye biyu, tarihi biyu

Shirin tallafa wa ma'aikata, wanda a Turance ake taƙaita sunansa da EAP, ya samo asali ne a Amurka daga matsalar shan giya. A shekarun 1940 kamfanoni irin su DuPont da Eastman Kodak suka fara tura ma'aikatan da giya ta lalata wa aiki wajen neman magani maimakon korarsu. A 1970 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta kafa cibiyar ƙasa ta nazarin matsalar shan giya, cibiyar kuma ta tallafa wajen yaɗa irin wannan shiri a ma'aikatu. Daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da damuwa, rikicin iyali, bashi, rasuwar makusanci da sauransu. Yadda yake aiki a yau, ma'aikaci yana kiran waya ko ya je da kansa, a ba shi zama kaɗan da ƙwararre kyauta, in matsalar ta fi ƙarfin haka a tura shi gaba. Ginshiƙinsa biyu ne: mutum yana zuwa ne don ganin dama, kuma abin da ya faɗa ba ya isa kunnen shugabansa.

Shi kuwa shirin kyautata lafiya daga wata hanya ya fito. Ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980, kuma kamfanin Johnson & Johnson na cikin waɗanda suka yi fice da shi tun 1979. Dalilinsa a fili yake: a Amurka yawancin ma'aikata ta wajen kamfani suke samun inshorar lafiya, don haka duk ciwon da ma'aikaci ya yi, aljihun kamfani yana jin sa. Sai aka ce rigakafi ya fi magani, a auna kowa, a ƙarfafa motsa jiki, a rage ƙiba, a daina shan taba. Wannan shiri na kowa ne, ana yin sa a bainar jama'a, ana tattara alƙaluma, sau da yawa kuma ana haɗa shi da lada ko tara.

To ka ga tun daga tushe akwai bambanci. Ɗaya yana rayuwa ne da sirri, ɗayan da tattara bayanai.

Hujjar masu son haɗi

Kiran a haɗa su ba sabo ba ne. A 2005 Mark Attridge da Patricia Herlihy da Paul Maiden sun shirya littafi guda a kan haɗa tallafin ma'aikata da kyautata lafiya da hidimomin daidaita aiki da rayuwar gida. Kuma hujjojin masu wannan ra'ayi ba na wasa ba ne.

Na farko, jiki da ƙwaƙwalwa ba sa rabuwa. Ciwon damuwa ya fi yawa a cikin masu ciwon sukari da ciwon zuciya, kuma mai damuwa ya fi wahalar shan magani a kan lokaci ko daina taba. Idan ka ce wa mutum ya rage ci ya yi tattaki alhali abin da ke damunsa baƙin ciki ne, ka yi aikin banza. Na biyu, mutane kaɗan ne ke amfani da shirin tallafi, a wurare da yawa ba su kai goma cikin ɗari ba a shekara, saboda kunya da tsoron a ce mutum ya samu taɓin hankali. Auna jini kuwa babu abin kunya a ciki, don haka yana iya zama ƙofar shiga. Na uku, kamfani ɗaya yana iya biyan 'yan kwangila uku ko huɗu da ba su san juna ba, ma'aikaci ya rasa lambar da zai kira.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abokin haɗin bai ci jarrabawa ba

A 2010 wasu masana uku na Jami'ar Harvard, Katherine Baicker da David Cutler da Zirui Song, sun tattara binciken da aka yi a baya suka ce duk dala ɗaya da aka kashe a shirin kyautata lafiya tana rage kuɗin asibiti da dala 3.27, tana kuma rage asarar fashin aiki da dala 2.73. Wannan alƙaluma sun zaga duniya, har yau ana ganinsu a takardun talla.

Matsalar ita ce yawancin binciken da aka tattara sun kwatanta waɗanda suka shiga shirin ne da waɗanda suka ƙi shiga. Su wa ke rige-rigen shiga gasar tattaki? Waɗanda da ma suna tattaki. Idan ka auna su bayan shekara ka ga sun fi lafiya, ba ka san ko shirin ne ya gyara su ba ko da lafiyarsu suka zo. Hanyar raba gardama ita ce a jefa ƙuri'a: a raba mutane gida biyu ba tare da zaɓinsu ba, a ba wasu shirin, a bar wasu, sannan a kwatanta.

An yi hakan sau biyu a manyan gwaje-gwaje, duka an wallafa sakamakonsu a 2019. Na farko a Jami'ar Illinois, inda Damon Jones da David Molitor da Julian Reif suka raba ma'aikata kusan 5,000. Ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a kuɗin asibiti, ko fashin aiki, ko ƙwazon aiki, ko zuwa wurin motsa jiki. Abu biyu ne suka motsa: an fi samun waɗanda aka taɓa duba lafiyarsu, kuma a shekarar farko ma'aikata sun fi jin cewa hukumar jami'a ta damu da lafiyarsu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne masanan sun sake nazarin bayanan nasu da tsohuwar hanya, wato kwatanta masu shiga da marasa shiga, sai ga shirin ya fito kamar mai matuƙar amfani. Bayanai ɗaya, hanya biyu, amsa biyu.

Na biyu a shagunan BJ's Wholesale Club, kuma waɗanda suka yi shi su ne Song da Baicker, biyu daga cikin masu alƙaluman 2010. Ma'aikata 32,974 ne a wurare 160, aka zaɓi 20 da ƙuri'a aka ba su shirin. Bayan wata 18, ma'aikatan wuraren da aka ba shirin sun fi cewa suna motsa jiki kuma suna kula da nauyinsu. Amma awon jini da nauyi da kitsen jini, da kuɗin asibiti, da fashin aiki, duk ba su bambanta ba. Da aka sake dubawa bayan shekara uku, labarin bai sauya ba. Abin yabo ne masanan da suka gwada abin da suka taɓa faɗa, suka kuma wallafa abin da ya saɓa masa.

Akwai kuma nazarin da cibiyar RAND ta yi a kan shirin kamfanin PepsiCo, wanda aka wallafa a 2014. Sun raba shirin gida biyu. Ɓangaren kula da masu ciwon da ya riga ya kama su, irin su sukari da zuciya, ya dawo da kimanin dala 3.78 a kan kowace dala. Ɓangaren gyaran salon rayuwa na kowa da kowa ya dawo da kimanin rabin dala kawai. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙofar da mabuƙata ba sa bi

Binciken Illinois ya taɓa hujjar masu son haɗi kai tsaye. An gano cewa waɗanda suka amsa gayyata suka shiga shirin, tun kafin a fara sun fi sauran ƙarancin kashe kuɗin asibiti, sun kuma fi su motsa jiki. Ma'aikatan da ke can ƙasan albashi ma ba su cika shiga ba.

Yanzu a koma kan hoton da muka fara da shi. An ce rumfar auna jini ce ƙofar da za ta kai mai damuwa wajen mai ba da shawara. To idan masu zuwa rumfar su ne masu lafiya da sarari, shi wannan da bashi ya hana barci, mai aikin dare, mai tsoron a gano yana shan wani abu, yana ina? Da alama yana bakin aikinsa bai zo ba. Ƙofar tana nan a buɗe, sai dai ba a gefen da yake aka yi ta ba.

Haɗin yana kuma iya ɓoye wannan gibi a cikin rahoto. Idan aka haɗa shirye-shiryen aka ƙirga “masu amfani” wuri ɗaya, wanda ya buɗe manhaja sau ɗaya da wanda ya halarci lacca ta awa guda da wanda ya zauna da ƙwararre sau biyar duk sun zama lamba ɗaya. Adadi ya hau, shugabanni sun ji daɗi, amma yawan waɗanda suka samu taimakon gaske yana iya zama inda yake.

Shi ma shirin tallafin, a faɗi gaskiya, hujjarsa ba ta kai ƙarfin da ake so ba. Yawancin bincikensa auna mutum ne kafin zama da bayan zama, kuma sau da yawa masu sayar da hidimar ne ke yin awon. Mutum yana neman taimako ne a lokacin da abu ya fi tsanani, don haka ko ba a yi masa komai ba akwai yiwuwar ya ɗan samu sauƙi bayan wata biyu. Akwai dai bincike mai ɗan ƙarfi da aka yi a kan ma'aikatan gwamnatin jihar Colorado, aka wallafa a 2017, wanda ya kwatanta masu amfani da shirin da takwarorinsu masu kama da su, ya kuma ga raguwar fashin aiki da ƙarin iya mayar da hankali. Wannan alama ce mai kyau, amma ba da ƙuri'a aka raba su ba. Haɗa shiri mai matsakaiciyar hujja da shiri mai raunin hujja ba ya haifar da hujja mai ƙarfi. Haɗin kansa yana buƙatar gwaji.

Sirri da tilas

Wannan ne abin da ya fi damun mu. Dokar kiwon lafiya ta Amurka ta 2010 ta ba kamfanoni damar ɗaura har kashi 30 cikin ɗari na kuɗin inshora a kan shirin kyautata lafiya, ƙa'idojin da suka biyo baya kuma suka kai shi kashi 50 idan batun shan taba ne. Ana kiran sa lada, amma ga mai ƙaramin albashi rasa wannan kuɗi tara ce. Ƙungiyar AARP mai kare muradun masu manyan shekaru ta kai hukumar daidaiton ɗaukar aiki ta Amurka kotu a kan haka, kuma a 2017 alƙali ya yanke cewa hukumar ba ta kawo gamsasshen dalilin da zai sa a kira irin wannan shiri na ganin dama ba. Ƙa'idojin ladan sun faɗi daga farkon 2019.

Yanzu a saka shirin tallafi cikin wannan tsari. Takardar tambayoyin lafiya da mutum zai cika don kada a yanke masa kuɗi ta ƙunshi tambaya a kan baƙin ciki da shan giya. Kamfanin da ke karɓar takardar shi ne kuma ke kula da layin masu ba da shawara, shi ne ke rubuta wa shugabanni rahoto. Ko da doka ta hana a bayyana sunan kowa, ko da ba a taɓa fallasa kowa ba, ma'aikaci ba ya karanta yarjejeniyar kwangila. Abin da yake gani tambari ɗaya ne a kan takardun biyu. Kuma a ofis mai mutum goma sha biyu, rahoton da ya ce “mutum biyu sun nemi shawara a kan rikicin aure” bai ɓoye kowa ba. Shirin tallafi da amana yake tafiya, in ta zube ba ta kwasuwa.

An bar jaki ana dukan taiki

Akwai abin da shirye-shiryen biyu suka yi tarayya a kansa: duka suna gyara ma'aikaci ne, ba sa taɓa aikin. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya wallafa nazarin amsoshin ma'aikata 46,336 daga ma'aikatu 233 a Birtaniya. Ya duba abubuwan da ake ba kowa da kowa, irin su horon juriya, darasin kwantar da hankali, manhajojin walwala da koyar da sarrafa gajiya. Waɗanda suka shiga ba su fi waɗanda ba su shiga ba walwala. Aikin sa-kai ne kawai ya nuna alamar amfani. Wannan bincike hoton lokaci ɗaya ne, ba ya tabbatar da sababi, amma ya tafi daidai da gwaje-gwajen Amurka.

A ɗaya ɓangaren, hujjar cewa yanayin aiki yana cutarwa tana da ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a mako. Binciken Whitehall da Michael Marmot ya jagoranta a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya ya nuna cewa ƙananan ma'aikata sun fi manya kamuwa da ciwon zuciya, kuma rashin ta cewa a kan yadda mutum ke aikinsa na cikin dalilan. Shi ya sa tun 2004 hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta lissafa abubuwa shida da mai ɗaukar aiki zai duba: nauyin aiki, ikon da ma'aikaci ke da shi a kan aikinsa, goyon baya, mu'amala, fayyace matsayi, da yadda ake gudanar da sauyi. Babu ɗaya daga cikinsu da ake gyarawa da manhaja.

Kamfanin da ke biyan albashi a makare, yana kiran ma'aikata ƙarfe goma na dare, sannan ya haɗa musu kyakkyawan shiri guda na walwala, ya gyara lambar waya ne kawai.

Inda haɗin yake da hujja

Duk da haka ba za mu ce a raba su kwata-kwata ba, domin akwai gwajin da ya nuna yadda haɗin zai iya aiki. A 2007 Philip Wang da abokan aikinsa sun wallafa gwaji a mujallar JAMA. An tace ma'aikata ta takardar tambayoyin lafiya, aka sake tantance waɗanda suka nuna alamar ciwon damuwa, aka samu mutum 604, aka raba su da ƙuri'a. Rabi aka bar su da tsarin da aka saba. Sauran rabin kuwa ƙwararru ne suka riƙa kiransu a waya, suna ƙarfafa su su je ga likita, suna bibiyar maganinsu, wanda ya ƙi zuwa a yi masa zaman shawara ta waya. Bayan shekara guda waɗanda aka bibiya sun fi samun sauƙi, sun fi zama a aikinsu, kuma sun yi aikin kimanin awa 2 a mako fiye da sauran.

A lura da abin da ya yi aiki a nan. Tacewa kaɗai ba ta isa ba, domin duka ɓangarorin an tace su. Bibiyar mai ciwo ce ta kawo bambanci, kamar yadda aka gani a PepsiCo. Haka nan a Ostareliya, gwajin da aka wallafa a 2017 a hukumar kashe gobara ta jihar New South Wales ya nuna cewa horar da shugabanni na awa huɗu a kan yadda za su yi magana da ma'aikaci mai damuwa ya rage hutun rashin lafiya mai alaƙa da aiki. Jagororin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki sun ba da shawarar irin wannan horo, tare da gyara yanayin aikin kansa.

Saboda haka haɗin da muke ganin ya cancanta shi ne wanda mutum ke wucewa daga wannan hannu zuwa wancan da yardarsa, fayil ɗinsa kuma ya tsaya inda yake. Ma'aikaciyar jinya ta san lambar mai ba da shawara, ta iya yin tambaya, ta kuma sake kira bayan mako biyu. Kada a ɗaura kuɗi a kan amsa tambayar da ta shafi damuwa ko shaye-shaye. Sannan masu ba da shawara su samu damar gaya wa shugabanni, ba tare da ambatar kowa ba, cewa sashe kaza ne ke ta turo mutane, a duba abin da ke faruwa a can. Wannan aiki ne da shirin tallafi ya gada tun asali, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa idan shirin ya zama maɓalli ɗaya a cikin manhaja.

Mai karatu da ke aiki a inda aka kawo irin wannan shiri, akwai tambayoyin da ya dace ka yi kafin ka cika kowace takarda. Wa ke ganin amsoshina? Me zan rasa idan na ƙi cikawa? Idan aka ga ina da matsala, wa zai kira ni, kuma sau nawa? In kai ne mai sayen shirin a madadin ma'aikata, ka tambayi mai sayarwa da wa ya kwatanta masu shiga kafin ya ce shirin yana da riba. Idan amsarsa ita ce da waɗanda suka ƙi shiga, ka tuna da Illinois.